Uban Taro a Gindin Ɗorawa

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ba na shiri da daji ba. Duk abin da ke jan ciki, ko yake da ƙafa fiye da huɗu, a nesa nake son sa. Ƙadangare ma in ya cika gyaɗa mini kai sai na jefe shi da takalmi. Shi ya sa duk wanda ya san ni a da, in ya ji an ce ina cikin masu aikin gayya a lambun unguwarmu, sai ya yi dariya ya ce ba dai ni ba. Ni ɗin ce kuwa. Amma ba son itatuwa ne ya kai ni ba, maigidana ne.

Unguwarmu tana bayan Nyanya, inda gidaje suka ƙare dutse ya fara. Tsakanin layinmu da dutsen akwai wani dogon fili da rafi ya ratsa, wanda aka ce tun a zanen unguwar an bar shi ne don shan iska. Shekara da shekaru ba wanda ya sha iska a ciki sai masu zubar da shara da shanu masu wucewa. Da aka fara raɗe-raɗin wani zai kafa rumfunan giya da gasasshen kifi a wurin, sai Musulmi da Kiristan unguwa suka tashi a rana ɗaya, abin da ko matsalar wutar lantarki ba ta taɓa sa su yi ba. Aka ce duk Asabar da safe kowa ya fito da addarsa da tsintsiyarsa. Aka kwashe shara, aka jera manyan duwatsu a bakin hanya don kada 'yan acaɓa da shanu su shiga, aka samo dashen kaɗanya da kanya da taura daga wajen Yangoji aka cike gurbin waɗanda masu gawayi suka sare. Lambu muke ce masa, ko da yake ko albasa ba a shukawa a ciki.

A lokacin ni ba na cikinsu, ina gida ina jinya. Malam, maigidana, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Aikinsa shi ne shirya taro: ya san wanda zai zauna a dama da wanda zai zauna a hagu, ya san wanda za a fara ambata da wanda in an manta da shi za a yi fushi. Rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta a bayan kujerun manya. Bai daɗe da barin aiki ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yaranmu duk sun yi nisa, sai waya. Aka sayo masa keken da ake tura marasa lafiya, ya kalle shi sau ɗaya ya juya fuskarsa bango.

A bangon nan fuskarsa ta zauna. Abinci sai na yi faɗa, magani sai na yi rantsuwa. Baƙi su zo dubiya ya rufe ido kamar mai barci. Likita ya ce jikin yana da sauran ƙarfi, amma ni da nake kwana nake tashi da shi na ga mutumin yana sakin kansa a hankali. Wata rana ina goge masa baki ya ce, da wannan harshen nasa mai jan magana, "Wahala kawai nake ba ki." Na balbale shi da masifa, don ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Maƙwabciyarmu ce ta fitar da shi. Maman 'yan biyu muke ce mata, mutuniyar Filato ce, nas ce da ta yi ritaya, kuma ba ta san wani abu wai shi jan magana ba. Wata Asabar ta shigo da takalmin robarta na aiki, ta tsaya a kansa ta ce, "Oga, wannan ɗaki zai kashe ka kafin ciwo. Hajiya, ka kawo keke." Kafin ya gama haɗa kalmar ƙi a bakinsa mun ɗora shi. A bakin lambu maza suka ajiye addunansu suka ɗaga keken da shi a ciki suka tsallake da shi duwatsun, suna ta yi masa sannu da zuwa. Aka kai shi gindin wata tsohuwar ɗorawa, wadda ta fi kowace bishiya inuwa a wurin. Ya ɗaga kai yana kallon sama, bai ce a mayar da shi ba har rana ta take. A ranar, da muka koma gida, da kansa ya ce a ƙara masa tuwo.

Tun daga nan Asabar ta zama ranarsa. Mu muna sara muna shara, shi yana zaune yana lura da abin da mu ba mu da lokacin gani, in mun dawo gida ya ba ni labari. Kuregen da ke satar 'ya'yan ɓaure. Damon da ke shan hantsi a kan dutsen bakin rafi, wanda ya ce ya fi wani tsohon daraktansu kamala. Biran da ke saukowa daga dutse in gwandar daji ta nuna. Bushiya, da hasbiya, da wani tsuntsu mai jan ƙirji da har yau ba mu san sunansa ba. Garin ba ni labarin nan harshensa ya fara sakewa. Can sama kuma, a inda wani reshen ɗorawar ya taɓa karyewa ya bar kogo, akwai ƙudan zuma. Kowa ya san da su. Suna shigarsu suna fitarsu, ba su taɓa kula kowa ba, mu ma ba mu kula su ba. Malam yana son su ƙwarai, ya ce su ne kaɗai ma'aikatan Abuja da ba sa zuwa ofis a makare.

Ni kuwa ban taɓa shiga lambun nan da kwanciyar hankali ba. Maciji nake tsoro. Tun ranar da aka ɗaga wani tarin ciyawa aka ga kasa kwance a ƙarƙashi, ƙatuwa, ko motsi ba ta yi ba, na daina yarda da kowace ciyawa. Ina sa safar Malam da takalmin roba har gwiwa, ina riƙe da sanda, kafin a ajiye kekensa sai na zagaye wurin ina dukan ƙasa kamar mai neman allura. Matan unguwa suna tsokanata wai soja ta iso. Su yi ta yi. Abin da ke raina shi ne kowa a wurin nan in abu ya taso zai iya gudu, ban da mutum ɗaya. Kullum idona a ƙasa yake, a kan ƙafafunsa da ba sa jin taɓi. Sau da yawa nakan ce masa yau mu zauna a gida mana, amma ba har zuciyata ba, kuma shi ma ya sani.

A ƙarshen wata damina gamba ta yi tsawo har ta shanye mutum, hannuwanmu duk suka yi kanta. Sai wani daga cikinmu, Alhaji mai shagon kayan gini, mutumin Katsina, ya sayo injin yankan ciyawa, irin mai dogon wuya da ake ratayawa a kafaɗa. Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe yake, illa dai yana son in ya yi alheri a gani. A wani garin da sai a zuba wa inji mai a kama aiki. A Abuja ba a haka. Nan ko famfo aka gyara sai an ƙaddamar da shi. Ciyaman ɗinmu, wanda shi ma tsohon ma'aikaci ne, ya ce ai wannan ci gaba ne, ba za a bar shi ya wuce shiru ba. Nan da nan aka kafa kwamiti. Za a kawo rumfa da kujeru da lasifika da janareta, mata za su dafa shinkafa, za a yanke ƙyalle. Da aka zo maganar uban taro, duk suka ce ai ba wanda ya cancanta sai Malam, tunda ba ya fashin zuwa.

Da ciyaman ya zo gida ya gaya masa, Malam ya gyaɗa kai kawai. Bayan ya fita sai ya ce in ciro masa babbar rigarsa ta shadda, wadda rabonsa da ita tun kafin ciwo. Mutumin da ya tsufa yana jera wa wasu kujeru, bai taɓa zama a babban tebur ba. Duk makon nan yana bitar jawabinsa. Ba wani dogon abu ba ne: godiya ga Allah, godiya ga Alhaji, Allah ya sa albarka. Amma akwai kalmomin da harshensa ke tuntuɓe a kansu, ya yi ta maimaita su yana gumi, ni kuma ina zaune a matsayin jama'a. Na ji jawabin nan har na haddace shi. Ranar Asabar na yi masa wanka, na sa masa rigar, na karya masa hula, na feshe shi da turare har sai da ya yi atishawa.

An kafa babban tebur a gindin ɗorawa, tunda nan ne inuwa. Malam da kansa ya nuna da hannunsa mai lafiya inda kowa zai zauna, shi kuma uban taro a tsakiya, bayansa na jingine da bishiyar. Wurin yana da ɗan gangare, sai aka cusa ƙafafun keken tsakanin saiwoyi biyu, aka tokare su da duwatsu don kada ya gangara. Aka jawo dogon tebur gabansa, aka lulluɓe da wani ƙyalle mai kauri da Maman 'yan biyu ta aro daga cocinsu. Janareta kuma aka kai shi bayan bishiyar don kada ƙararsa ta dami manyan baƙi. Na ga hayaƙinsa yana bin jikin itacen yana hawa sama, ban kawo komai a raina ba, don na riga na zagaye wurin da sandata ban ga rami ko saɓa ba. Kowa ya ci ado, ƙamshin turare har bakin titi. Ni aka ba ni rabon abinci, can wajen duwatsun bakin hanya inda aka jera kuloli.

Aka yi ta jawabi. Ciyaman ya yi, mataimakinsa ya maimaita abin da ya ce, liman ya yi addu'a, fasto ya yi, har rana ta yi zafi sosai. Sannan aka miƙa wa Malam abin magana. Gabana ya faɗi, na daina zuba shinkafa. Ya faɗi jawabinsa daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wurin ya ɗauki tafi. Na juya baya na goge idona da bakin mayafi, na ce wa matar da ke kusa da ni yaji ne.

Aka yanke ƙyallen da aka ɗaura wa inji. Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya rataya injin, ya ja igiya, ya ja, har ya kama da wata irin ƙara mai shiga haƙori. Wani ya ce a matso da shi kusa uban taro ya gani da kyau. Alhaji ya matso har gindin bishiyar yana yankan ciyawar da ke tsakanin saiwoyi, bakin injin yana dukan itacen, ɓawo yana tashi, jama'a suna tafi.

Abin da na fara gani shi ne wata mata a layin gaba ta mari wuyanta. Sai wani ya cire hula yana kaɗawa. Sai na ɗaga kai, abin da ban saba yi ba a wurin nan, na ga wani baƙin abu yana zubowa daga kogon kamar hayaƙi, amma maimakon ya yi sama ƙasa yake yi. Wani ya yi ihu, "Zuma! Zuma!" Daga nan kowa ya yi ta kansa. Kujeru suka kife, rumfa ta karkace, manya masu babbar riga suna tsallake juna, mata suna jan yara, takalma da ɗankwali a ko'ina. Alhaji ya yar da injin a ƙasa bai kashe ba. Duk suka nufo inda nake, don nan ce hanyar fita. Ta tsakanin kawunansu na hango babban tebur ba kowa, sai Malam shi kaɗai a tsakiya, ya ɗaga hannunsa ɗaya yana kare fuska.

Ban san yadda na ratsa mutanen nan ba. Na san dai an bangaje ni na faɗi, na tashi, wata ta riƙe mini mayafi tana cewa, "Hajiya, ina za ki?" na bar mata shi a hannu. Tun kafin in kai suka fara harbina, a goshi, a kunne, a cikin gashi, kowane harbi kamar an ɗiga mini tafasasshen mai. Da na isa na ga farar shaddar Malam ta yi baƙi da su daga kafaɗa har wuya. Hularsa ta faɗi. Suna kan fatar idonsa, suna gefen bakinsa, wajen da ya shanye, wanda ba ya ma iya motsa shi ya kore su.

Na kama keken na ja. Ko gezau. Na tura, tebur ya tare. Na durƙusa ina ƙwaƙulo duwatsun da aka tokare shi da su, na cire ɗaya, ƙafar ta ƙara nutsewa tsakanin saiwoyin. Ko da na fitar da shi ma ina zan kai shi? Duwatsun bakin hanya sai maza sun ɗaga shi, mazan kuwa sun yi layar zana. Na gwada ɗaga shi da hannuna, mutumin da ya ninka ni nauyi, na ji bayana ya amsa. Sai na fizgo ƙyallen teburin, kwalaben lemo suka tarwatse, na lulluɓe mu da shi, na kifa jikina a kan fuskarsa da ƙirjinsa, na danne bakin ƙyallen da gwiwoyina da hannuna.

A cikin ƙyallen nan duhu ne da zafi, ga waɗanda muka rufe tare da su suna ta aikinsu. Ina murtsuke su da hannu a jikin rigarsa, a wuyansa, a nawa. A waje ina jin su suna faɗowa a kan ƙyallen kamar yayyafi a kan kwano, ƙafafuna da suka rage a waje kuwa na sallama su. Injin yana nan a ƙasa kusa da mu yana ta kururuwa, janareta ma haka, ba wanda zai kashe su, kuma na san muddin suna yi ƙudan nan ba za su lafa ba. Na yi salati, na karanta duk abin da ya zo bakina, na dawo na fara daga farko. Kunnena yana kan ƙirjinsa. Numfashinsa ya fara wani irin sauti, siriri, kamar ana hura iska ta tsinke. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba.

Ya motsa hannunsa mai lafiya ya tura kafaɗata. Ya ce, "Tafi."

Na ce, "Malam, ka yi shiru."

Ya sake turawa da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Tafi. Bar ni."

Na ce, "Wallahi in ka ƙara magana sai ranka ya ɓaci. Rufe bakinka kada su shiga."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ji injin ya mutu, sannan janareta, sai ƙaurin hayaƙin ciyawa. Aka ɗaga gefen ƙyallen, na ga wani abu lulluɓe da bargo, muryar Maman 'yan biyu ta fito daga ciki: "Hajiya, ka tashi, mun zo!" A bayanta Alhaji ne da buhu a ka, idonsa ɗaya ya riga ya rufe, da wasu maza riƙe da damin ciyawa mai hayaƙi. Ba su tsaya kokawa da keke ba. Alhaji ya durƙusa aka ɗora masa Malam a baya, ya ruga da shi yana haki yana cewa, "Ka yafe mani, Malam, ka yafe mani," har ya tsallake duwatsun. Aka shimfiɗa shi a bayan akori-kurar da Alhaji ke ɗaukar siminti da ita.

Na ɗauka mun tsira, ashe saura hanya. Duk wanda ya san Nyanya ya san yadda bakin tasha yake ranar Asabar da rana. Muka shiga cunkoso muka tsaya cak. Maman 'yan biyu ta jingina Malam a jikina, ta ce, "Ka riƙe kansa sama, kar ka bari ya kwanta." Ta ciro katin banki tana kankare ƙayoyin harbin daga wuyansa da fuskarsa, tana kiran sunan Yesu, ni ina kiran Allah da Annabi, ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Leɓunansa sun kumbura sun juye, idanunsa sun ɓace a cikin fuska. Na tambaye ta, "Zai kai?" Sai kawai ta ci gaba da kankara. Rashin amsar nan ya sa na diro daga motar.

Ba mayafi, ba takalmi ɗaya, fuskata ta zama abin da ni ma ban gane ba da na gani daga baya. Na shiga gaban motoci ina dukan su da tafin hannu ina ihu a ba mu hanya, mijina zai mutu. Na zagi wani mai jif da ya ɗaga gilashi, zagin da ban san na iya ba. 'Yan kamashon tasha suka gan ni, suka leƙa bayan motar suka ga Malam, sai suka bazu a titi suna buga motoci suna tura masu keke gefe, ɗayansu yana gudu a gabanmu yana cewa, "Mama, hau mota, mun buɗe!" Allah ya saka wa mutanen nan, ban san ko ɗaya a cikinsu ba.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, aka yi masa allurai, aka sa masa abin shaƙar iska. Ni ma aka kwantar da ni, na ƙi, aka yi mini tawa allurar a zaune a bakin gadonsa. Kafin la'asar siririn sautin nan ya bar numfashinsa. Likita ya ce da mun ƙara jimawa da labari ya sha bamban. Na je bayan gida na yi kukan da ban samu damar yi ba tun da abin ya faru.

Bayan an sallame mu 'yan kwamiti suka zo gida dubiya, kowa da kumburinsa, kowa kansa a ƙasa. Ban ga laifinsu ba, wanda zuma ta bi ba ya tuna uban taro. Ciyaman ya ce sun yanke shawara za a zuba fetur a kogon a ƙone ƙudan, a sare ɗorawar gaba ɗaya, a dakatar da aikin Asabar sai abin da hali ya yi. Na ce madalla, da ma tun da can ya kamata. Malam yana kwance, fuskarsa tana bango, idonsa a rufe. Suka yi addu'a suka tashi.

Da suka fita na zauna a bakin gado ina shafa masa man da aka ba mu. Don in sa shi magana na ce, "Kai ma dai da ƙarfin hali. Wai in tafi. Ka taɓa ganin na tafi an gama faɗa ban sa baki ba?"

Ya buɗe ido yana kallon bangon. Sannan ya ce, a hankali, kowace kalma ta fita sarai, "Ba don ke kaɗai na faɗa ba."

Na tsayar da hannuna.

Ya ce, "Na yi jawabina. An tafa. Da ƙudan suka sauko na ce to, lokaci ya yi, kuma a wuri mai kyau. Ban ji tsoro ba. Sauƙi na ji."

Duk harbin da na sha, da duhun ƙyallen nan, da bakin tasha, ba wanda ya kaɗa mini hanta kamar wannan maganar. Ni ina can ina kokawa da mutuwa a kansa, shi ashe ya miƙa mata hannu. Na buɗe baki in yi faɗa kamar yadda na saba, faɗan ya ƙi zuwa. Na ce, "Ka yi istigfari, Malam." Ya yi. Amma bai juyo daga bangon ba.

Na tuna wuri ɗaya tak da ya taɓa juyo da fuskar nan daga bango, na tashi na fita ko mayafi ban gyara ba. Na cim ma su ciyaman a bakin layi suna sallama da juna. Na ce kada wanda ya taɓa ɗorawar nan, kuma Asabar mai zuwa kowa ya fito da addarsa. Ciyaman ya ce, "Hajiya, ke da bakinki yanzun nan kika ce..." Na ce na faɗa, yanzu kuma na sake, wanda bai gane ba ya zo gida in yi masa bayani. Suka kalli fuskata, ba wanda ya zo.

An samo mai zuma ya kwashe ƙudan a amya ya rataye su can ƙetaren rafi, a gindin dutse. Injin yana aiki, amma daga nesa, kuma ba a ƙara ƙaddamar da komai a lambun ba. Sai dai ɗorawa ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Duk bazara in ta fitar da jajayen furanninta masu kama da tuntun hula, ƙudan suna dawowa, bishiyar gaba ɗaya ta ɗauki gunji tun daga sama har ƙasa. Tun daga bakin hanya nake jin sa ina tura keken. Maza su ɗaga shi su tsallake duwatsu, su tambaye ni ina za a ajiye shi. Kowace Asabar ina so in ce can nesa, gindin kaɗanya. Sai in dube shi in ga ya riga ya ɗaga kai yana neman ƙudan da ido. Sai in ce a kai shi gindin ɗorawa, in zauna a kan saiwa kusa da shi, in riƙe hannunsa wanda ba ya ji, don kada ya san yadda nawa yake rawa.